DARASI: TSARON UNGUWA DA HAƘƘIN SHUGABANNI A KAN IYAKA

Darasinmu na wannan karo a kan tsaron unguwa ne: wa ke da alhakinsa, kuma ta wace hanya a ke yinsa.

Ya ku 'yan'uwa samari, ku fara sanin inda Allah Ya ajiye mu. Ƙasar Bagudo tana cikin Jihar Kebbi, a Masarautar Gwandu, Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma ta yi iyaka da ƙasar Benin. Mutumin Lolo ko Tsamiya ko Illo yana da dangi a ƙetare, ana aure tare, ana cin kasuwa tare. Wannan ni'ima ce. Amma fa hanyar da ɗan'uwa ke bi ya zo zumunci, ita ce ɓarawo ke bi ya zo ɓarna. An rufe iyakokin Nijeriya a 2019, duk da haka hanyoyin daji ba su rufu ba. Ashe ke nan kwastan da jami'in shige da fice ba za su iya ganin kowa ba. Mai ganin kowa shi ne ɗan gari.

Kada wani ya ce abin yana nesa. A ƙarshen watan Oktoba na 2025, a cikin garin Bagudo 'yan bindiga suka ɗauke Mataimakin Shugaban Majalisar Dokokin Jihar Kebbi, sai bayan kwanaki ya kuɓuta. In an iya shiga gari a ɗauki mai irin wannan muƙami, ina ga talaka?

KUSKURE BIYU

Na farko, gayyato masu makami daga waje. Abin da ya faru a Tangaza da Gudu, cikin Jihar Sakkwato, ya isa wa'azi. Ɓarayin shanu suka addabi mutane, sai aka karɓi waɗansu baƙi masu bindiga don su yi tsaro, watau waɗanda a ke kira Lakurawa. Da suka zauna da gindinsu sai suka koma karɓar dabbobi da ƙarfi da sunan zakka, suna dukan mutane da sunan addini. A watan Nuwamba na 2024 suka kashe aƙalla mutum 15 a garin Mera, cikin Ƙaramar Hukumar Augie. A Janairu na 2025 kotun tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda. Ku lura: rawani da gemu ba su ne shaidar gaskiya ba. Karɓar zakka da zartar da hukunci aikin shugaba ne, ba na wanda ya fito daga daji ba.

Na biyu, ɗaukar doka a hannu. A Zamfara an ga yadda waɗansu 'yan sa-kai suka riƙa kashe mutane bisa zato, musamman Fulani, sai ramuwa ta biyo ramuwa, wutar ta ci mai laifi da marar laifi. Suratul Hujurati ta umurce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, ta kuma hana mu yawan zato. Jinin wanda ba a tabbatar wa laifi ba, ko wace ƙabila ce, ba abin wasa ba ne ranar gobe.

TO, MECE CE HANYA?

Hanyar tana nan tun kaka da kakanni. A da, baƙo ba ya kwana a gari sai mai masaukinsa ya kai shi gaban mai unguwa. Mai unguwa ya sanar da hakimi, hakimi ya sanar da uban ƙasa, shi kuwa ya haɗa kai da Ƙaramar Hukuma da 'yan sanda. Ita za mu rayar, kamar haka:

1. Kowace unguwa ta yi zama da mai unguwarta da limaminta a rana sananna. A gayyato ardo, da sarkin kasuwa, da shugaban 'yan kabu-kabu, da masu jiragen fito, domin su ne ke ganin mai shiga da mai fita.

2. Masu sintiri su zama 'yan gari waɗanda aka san iyayensu, a rubuta sunayensu a kai wa D.P.O. Wanda suka kama su miƙa shi hannun hukuma da lafiyarsa, ban da duka, ban da ƙwace.

3. Wanda ya ga baƙon babura a daji, ko mai sayen fetur da burodi masu yawa da dare, ya gaya wa mai unguwa a asirce. Kada ya fara watsawa a WhatsApp.

4. Kai saurayi, in an ba ka kuɗi ka kai mai ko abinci inda ba ka san masu shi ba, ka ƙi. Mai kai wa ɓarawo guzuri abokin tarayyarsa ne.

5. A kawo sauran damuwa tun da wuri: burtalin da aka nome, ɓarnar gona, masu sayar da ƙwaya. Tun ran gini, ran zane.

HAƘƘINMU A KAN MA'AIKATA

Biyayya ba ta hana nasiha. Wajibi ne jami'i ya rufa asirin wanda ya kawo labari, ya zo sa'ad da aka kira shi, kada kuma ya saki mai laifi don cin hanci. In an ga akasin haka, dattawa su rubuta koke cikin ladabi, su sa hannu, su kai wa uban ƙasa da Shugaban Ƙaramar Hukuma, su riƙe kwafi, su koma su tambayi inda aka kwana. Zagi a majalisar shayi ba ya gyara kome.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya shiryi shugabanninmu, Ya tsare mu daga zaluntar kowa. Amin.