Coci, Majami'a ko Ekklesiya? Shawarwari ga Iyaye

Kwanakin baya 'yata ta shigo da katin gayyatar auren yayar ƙawarta, tana juya shi tana cewa, "Baba, an ce a Ekklesiyar 'Yan'uwa za a ɗaura, ashe ba a coci ba ne?" Tun ranar nake tattara abin da ya kamata yaro ya sani, musamman a unguwar da katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabta Kirista.

1. A kwatance, ku ce "coci". Aro ce daga Turanci, amma ta zauna daram a bakin kowa. Idan ka ce wa mai Keke Napep ya sauke ka a majami'a, zai iya wuce wurin yana dube-dube. Sai dai a kula: COCIN, mai hedikwata a Jos, sunan ɗarika ɗaya ce, ba kowane coci ba.

2. A rubutu, kamar katin biki ko sanarwar jana'iza, "majami'a" ta fi nauyi. Tushenta ɗaya da jam'i da jama'a, wato wurin taruwa. A Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, kalmar kan zo da ma'anar ɗakin taron Yahudawa na ranar Asabar. Yaron da ke karatun Injila a sanar da shi wannan, kada ya zaci coci Yesu ya shiga a Nazarat.

3. Nan ne aka fi yin kuskure. "Ekklesiya" ko "ikilisiya" daga Girkanci ta fito, kuma mutane take nufi, ba bulo da kwano ba. Ekklesiya takan yi azumi, ta naɗa fasto, ta kai gaisuwar rasuwa. Majami'a kuwa ita ake sharewa, ita ake yi wa fenti. Ekklesiyar 'Yan'uwa da ke kan katin 'yata ta faro ne a Garkida a 1923, inda aka yi sujadar farko a gindin tsamiya. Ekklesiya ta samu tun babu ko tubali ɗaya. Da na ba 'yata wannan labarin, ba ta sake tambaya ba.

4. "Haikali" a bar wa na Urushalima, wanda Sulemanu ya gina.

5. Idan ɗan uwa ya zo daga Sudan ko Chadi ya ce "kanisa", kada yara su yi masa dariya. Larabci ne, kuma haka ake faɗa a can.

6. Kakata, Allah ya jiƙanta, "masallacin Kirista" take cewa, ba da wata manufa ba. Ni dai na hana a gidana, domin ba ya yi wa kowane ɓangare daɗin ji. In sunan ya ɓace wa yaro, "wurin ibada" ya wadatar, ko ya leƙa allon da ke bakin ƙofar ya karanta abin da masu wurin suka rubuta.