Yaron Shago da Sito: Darasi Kan Tsara Ƙamus na Intanet

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce na tattara kalmomin ciniki a Kasuwar Kwastam, inda Hausa da Barbarci da Larabcin Shuwa suke cuɗanya. Tun a 1960 Joseph Greenberg ya nuna cewa kalmomi irin su "kasuwa" da "karatu" ta Barbarci suka shigo Hausa, shi ya sa na so in ga waɗanda ake ara a yau. Ni da wani abokina muka zuba kalmomin a ƙaramin ƙamus na intanet. Wata rana muna gwada umarnin gogewa, sai ya share mana aikin mako uku.

Ina Matsalar Take?

Manhajar da ke amsa tambayar mai neman kalma ita ce kuma take shiga rumbun bayanai kai tsaye. Saboda haka duk gwajin da muka yi, a kan kayan gaske yake sauka.

A kasuwa ba haka ake yi ba. Mai shago ba ya barin ciniki ya shiga sito. Yaronsa yake aika, shi ya ɗauko, shi ya mayar.

Mafita

Masana kwamfuta suna da irin wannan tsari, kuma Martin Fowler ya bayyana shi a littafinsa na 2002. Ana raba aikin gida uku:

1. Sashen da ke karɓar tambaya.
2. Sashen ƙa'idoji, mai yanke hukunci, misali ko wanda ya rubuta "kofa" yana nufin "ƙofa".
3. Ɗan aike, wanda shi kaɗai ya san hanyar rumbu. Aikinsa nemo, ajiye, goge.

Idan an zo gwaji, sai a sa ɗan aiken wucin gadi mai riƙe da kalmomi biyar kacal. Da shi muka gano cewa manhajarmu tana ɗaukar "baki" da "baƙi" kalma ɗaya, muka gyara ba tare da taɓa rumbun ba. Shi kuwa ɗan aiken gaske, a kan kwafin rumbu ake gwada shi.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, ko ba ku iya rubuta manhaja ba, kalmomin gwajin aikinku ne, domin ku kuka san inda ƙ, ɗ da ɓ suke canza ma'ana. Kafin ku miƙa wa mai kwamfuta abin da kuka tattara, ku tambaye shi: a kan wane rumbu za ka yi gwaji?