Yadda Mutumin Katagum Zai Yi Fasfo, da Inda Ake Tambayarsa

In daga Azare za ka Kano ko Legas a mota, babu mai tambayarka fasfo. Ko jirgi za ka hau daga Bauchi zuwa Abuja, katin zaɓe, lasisin tuƙi ko takardar NIN sun wadatar. Fasfo na mai ƙetare iyaka ne: maniyyaci, ɗalibi mai zuwa Masar, mai kai marar lafiya Indiya, ɗan kasuwa mai saro kaya a Sin.

Da farko, duba NIN ɗinka, domin daga can ake ɗebo sunanka da ranar haihuwarka. Baje takardunka a tabarma ka bi su harafi-harafi. In NIN ta ce Muhammad, takardar haihuwa ta ce Mohammed, ta makaranta kuma Mamman, nemi gyara wurin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, tukuna. A nan aiki kan cije, mutum ya yi ta zarya yana ƙona kuɗin mota.

Na biyu, haɗa takardu. Karɓo shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma: ɗan Katagum a sakatariyar Azare, ɗan Shira ko Jama'are a tasu. Haɗa da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. Dattijon da ba a rubuta haihuwarsa ba sai ya yi rantsuwar shekaru a kotu. Yaron da bai kai shekara 18 ba sai da takardar yardar iyaye.

Na uku, cika fom a shafin intanet na Hukumar Shige da Fice, ka zaɓi ofishin da za ka je, Bauchi, Dutse ko Kano, ka biya a shafin. Tun 1 ga Satumba 2025, mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuwa 200,000. In a shagon kwamfuta aka cika maka, tsaya a kansa ka karanta kafin a tura, kuma ka riƙe rasit.

Na huɗu, ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu. Wannan ba a aike, sai ka yi sammako da kanka, da ainihin takardunka. Hajiya ta jinkirta ƙunshi, don lalle mai duhu kan hana na'ura karanta yatsa. Ranar karɓa kuma, duba suna da kwanan wata tun ba ka bar ofis ba.

Fasfo kaɗai ba ya shigar da kai Saudiyya: sai da biza da katin rigakafi, kuma fasfon ya zama da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Ƙasashen ECOWAS kamar Ghana da Togo ba sa neman biza ga zaman kwana 90. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka mai nufin Damagaram ya tambayi halin da iyaka ke ciki kafin ya ɗaura kaya.

Baƙon da ya zo daga wajen ECOWAS yakan shigo da fasfo da biza, in zai zauna ya nemi katin izinin zama na CERPAC, kuma ya riƙa tafiya da takardunsa ko da tsakanin Azare da Misau ne. Maniyyacin da ke da tsohon fasfo kuwa ya ciro shi daga akwati ya duba ranar ƙarewarsa tun kafin ya biya kuɗin kujera.