KIRI-KIRI: ABOKIYA A BAKIN GONA, MAƘIYIYA CIKIN AUDUGA

Ya ku manoman auduga, kowa a cikinku ya san kiri-kiri, wadda waɗansu ke kira tsarkiyar zomo. Ita ce gajeriyar ciyawan nan mai yaɗo da a ke dasawa a filayen ƙwallo. Tana da amfani, tana kuma da ɓarna. Abin da ya raba su shi ne wurin da ta tsiro.

HALINTA

1. Tana yaɗo ta bisa, tana kuma tafiya da jijiya ta ƙarƙashin ƙasa. Kowace gaɓa ta sami danshi sai ta yi saiwa.
2. Tana son rana da zafi, ba ta son inuwa.
3. Da rani ta kan bushe kamar ta mutu, amma jijiyar na nan da rai. Da an yi ruwan fari sai ta farfaɗo.
4. Tana jure takawa da kiwo. Dawaki da tumaki suna sonta ƙwarai.

INDA ZA A DASA TA

A ƙasar Funtuwa da Gusau da Zariya ruwan Agusta ya kan kwashe ƙasar gona, ya bar kwazazzabo. To, nan ne aikin kiri-kiri, domin saiwarta tana riƙe ƙasa. Ku dasa ta a hanyar ruwa, da bakin kwazazzabo, da gefen rijiya.

In damina ta kankama, ku yanko yaɗo mai gaɓa uku ko huɗu, ku binne, ku bar kansa waje, ku taka da diddige. Ku bar ƙafa ɗaya tsakani, layuka kuwa su gitta hanyar ruwan. Ku zuba ruɓaɓɓen taki, ku hana dabbobi shiga sai ta rufe ƙasa. Daga nan yawan yanka shi ke sa ta kauri.

Ko a kudancin Amirka da can manoman auduga sun ɗauke ta annoba. A 1943 wani masani, Glenn Burton, ya fitar da wani iri a Tifton, jihar Jojiya, wanda da ƙyar ya ke yin ƙwaya. Sai aka riƙa dasa shi don kiwo a gonakin da suka gaji.

IN TA SHIGA AUDUGA

Auduga ba ta da saurin girma cikin mako shida na fari. In kiri-kiri ta riga ta, sai ta shanye ruwa da taki, audugar ta tsumbure. Ku lura, wanda ya sassare ta da fartanya cikin damina ya bar guntaye a kunya, dashe ya yi, ba noma ba. Ga dabara:

1. Bayan kun tuge itacen auduga kun ƙone, ku tone jijiyar, ku bar ta a rana ta bushe, sa'an nan ku tara ku sa wuta.
2. Kada ku zuba ɗanyar jijiya a ramin taki.
3. Ku bar fili taku biyu tsakanin ciyawar da kunyar fari, ku riƙa datse duk yaɗon da ya ƙetaro.
4. Ku shuka auduga da wuri, daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, ku cike gurabe, domin inuwarta ta danne ciyawar.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Mai son ƙarin bayani ya tambayi malamin gona na gundumarsa.