Kaza Mai Shuɗin Ƙwai, da Yadda Za Ka Samu Irinta a Gidanka

Ya kai mai karatu, tun tasowarka ka saba ganin ƙwan kajinmu na gida fari, ko kuwa fari mai ɗan duhu. Ka ga na zabo mai tauri, ka ga na agwagwa ƙato. To, akwai wata kaza a duniya wadda ƙwanta shuɗi ne, kamar farar riga da aka tsoma a ruwan bula. Ba rini ba ne, ba kuwa ciwo ba ne. Haka ta ke saka shi tun daga cikinta.

Asalin wannan kaza ƙasar Chile ne, can a Amurka ta Kudu, wurin wata kabila da a ke kira Mapuche. Wani malamin kiwon kaji mutumin Sifen, sunansa Salvador Castelló, ya je ƙasar a shekarar 1914, ya gan ta, ya yi mamaki. A 1921 ya ba da labarinta a babban taron masu kiwon kaji na duniya da aka yi a birnin Hague, ƙasar Holan. Daga nan ta yi suna, a ke kiranta Araucana. Bayan haka aka kai waɗansu Ingila, suka shiga hannun wani shaihun malami a Kambirij, Reginald Punnett. Ya yi ta haɗa su da waɗansu kaji yana ƙidaya 'ya'yan, har a 1933 ya bayyana yadda a ke gadon launin nan. Shi da abokin aikinsa Michael Pease suka fitar da wani iri mai suna Cream Legbar, wanda tun ranar ƙyanƙyasa za ka iya rarrabe mace da namiji ta launin gashinsu. A Amurka kuma akwai Ameraucana. A ƙasar Sin ma akwai kaji masu irin wannan ƙwai, kamar na Dongxiang.

Mene ne ke kawo shuɗin? Wani ruwan launi ne dangin abin da ke sa matsarmama ta yi kore. A shekarar 2013 masana suka gano cewa wata ƙwayar cuta ce, tun zamanin da, ta maƙale cikin abin da kaza ke gadar wa 'ya'yanta, ta sa launin nan yana zuba cikin ɓawo sa'ad da a ke gina shi. Kada wannan ya tsorata ka, ƙwan lafiyayye ne. Amma ka lura da abu guda. Tun da launin yana shiga ne lokacin ginin ɓawo, shuɗin ya ratsa ciki da waje. Jan ƙwai ba haka ya ke ba: launinsa shafe ne a bisa, in ka fasa ka ga cikin ɓawon fari.

Wannan shi ne makaminka a kasuwa. In wani ya zo maka da shuɗin ƙwai yana neman kuɗi mai yawa, ka sayi guda tukuna, ka fasa, ka ɓare 'yar farar fatar nan ta ciki. In ɓawon fari ne daga ciki, to, ƙwan ya sha bula ne kawai, ka riƙe kuɗinka. In kuwa ya ce maka shuɗin ƙwai magani ne, ko ya fi sauran ƙwai gina jiki, kada ka yarda. Abin da ke cikin ƙwai yana bin abin da kaza ta ci ne, ba launin ɓawo ba. Mai kiwon kazar nan don sha'awa ya ke yi, kamar mai kiwon tantabaru, ba kuwa abin kunya ba ne mutum ya faɗi haka.

Yanzu ga maganar gado, nan ne mutane suka fi ruɗewa, saboda haka ka karanta a hankali. Kowane tsako yana karɓar rabo biyu na wannan hali, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Rabon shuɗi yana da rinjaye: ko guda ɗaya kaza ta samu, shuɗin ƙwai za ta saka. Zakara ba ya ƙwai, amma yana ɗauke da rabon, yana ba 'ya'yansa. Ashe ke nan ba sai ka tara garke na baƙin kaji ba. Zakara ɗaya na ainihi ya isa ya shigar da launin cikin kajin gidanka, waɗanda suka riga suka saba da zafin Haɗejiya da tsince-tsincen bayan gida. A ganina wannan ita ce hanya mafi kyau, domin baƙuwar kaza ta ƙasar sanyi ba ta cika jure bazararmu ba.

Amma fa kada ka saki zakaran yau, gobe ka je gurbi kana neman shuɗin ƙwai. Kazarka mai farin ƙwai, fari za ta yi ta sakawa har ta mutu, ko wane zakara ya bi ta, gama jikinta ne ke gina ɓawon. 'Ya'yanta mata za ka jira, wata shida ko fiye, sai sun fara saka. In zakaran yana da rabo biyu, dukansu za su yi shuɗi. In guda ya ke da shi, wajen rabinsu ne. Ta haka a ke gane zakaran kirki, watau ta ƙwan 'ya'yansa. Fitowarsa daga shuɗin ƙwai ba shaida ba ce, domin launin ɓawon na uwarsa ne, wataƙila shi bai gada ba.

In ka mai da 'ya'yan nan mata ga zakaran gari, rabin jikoki mata ne za su riƙe launin. In ka haɗa su da 'yan'uwansu masu rabo guda-guda, misalin uku cikin huɗu. Sai dai yawan haɗa dangi na kusa yana raunana kaji, don haka ka nemi wani mai sha'awa irin taka, a Auyo ne ko Malam Madori, ku riƙa musayar zakaru. In kuma ka haɗa zakaran da kaza mai jan ƙwai, irin Shika Brown wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta fitar, 'ya'yan ba shuɗi za su saka ba, kore-kore ne, saboda jan ya hau bisa shuɗin. Waɗansu sun fi son wannan. Ni dai ban ga kyansa ba.

Akwai wahala biyu ga Araucana ta ainihi. Waɗansu suna da tukkun gashi a wajen kunnuwa, abin sha'awa ƙwarai. To, tsakon da ya gaji tukkun nan daga uwa da uba duka, galibi cikin ƙwai ya ke mutuwa. In ka haɗa mai tukku da mai tukku, ka sa rai da asarar misalin ɗaya cikin huɗu. Sai ka haɗa mai tukku da marar tukku. Ta biyu, da yawansu ba su da wutsiya, gashi ya kan rufe bayansu, zakara ya bi amma ƙwai ya fito ba ɗa. Maganin wannan almakashi ne: ka rage gashin wurin kaɗan, ga kazar da zakaran.

Sai batun kwanci. Mutanen ƙasarmu ba baƙin wannan aiki ba ne. Kowace damina mata suna sayen ƙwan zabi su sa wa kaza, ta kwanta kwana 26 zuwa 28 ta ƙyanƙyashe, ta yi renonsu kamar nata. Haka za ka yi da shuɗin ƙwai, sai dai shi kwana 21 ne, kamar na kowace kaza. Ka zaɓi uwa wadda ta taɓa ƙyanƙyasa ta raya. Kada ka cika mata: takwas ko goma sun ishi ƙaramar kazar gida. Da dare za ka ɗebe nata ka sa waɗannan, ba ta kula da launi ba.

Ƙwan da za ka sa ya zama sabo, kada ya wuce kwana bakwai. Kada ka wanke shi. Ka ajiye shi cikin ƙwarya da ƙaiƙayi, tsininsa yana kallon ƙasa, kusa da randa inda ya ke da sanyi. Zafin da ƙwai ke bukata a ƙarƙashin kaza digiri 37 da rabi ne. A Haɗejiya kuwa, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana ya kan wuce 40. Ka ga ƙwan da aka bari a ɗakin kwano ya lalace tun kaza ba ta hau shi ba. Ni kaina na taɓa aika a sayo mini ƙwai goma sha biyu daga nesa cikin bazara, aka ɗoro su a bayan mota, rana ta doke su, hanya ta girgiza su. Kazata ta yi kwancinta har ta rame, biyu kaɗai suka fito, sauran duk bara-gurbi. Ban sake aike a wannan lokaci ba. Ƙarshen damina zuwa kaka ya fi, ga sanyi-sanyi, ga hatsi a gida.

A kwana na takwas ko na goma, ka shiga ɗaki mai duhu da tocila, ka kanga ta ga ƙwan. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo-gizo. Wanda haske ya ratsa sarai ba kome ciki, ka fid da shi kafin ya ruɓe ya fashe. Shuɗin ɓawo ya fi fari wuyar gani, sai ka sa tocila mai ƙarfi, kuma in kana shakka ka bar shi. Wanda ya ke da injin ƙyanƙyasa sai ya riƙa juya ƙwai sau uku a yini, ya daina a kwana na 18, ya ƙara ruwa a cikin tasar injin. Amma in ba ka da tabbacin wuta dare da rana, kaza ta fi maka inji, ita ba a ɗauke mata wuta.

Inda za ka sa gurbi abin dubawa ne ga mutumin fadama. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ta ci gidaje da gonaki a ƙasar Haɗejiya, wanda kuwa akurkinsa ke ƙasa ya san abin da ya rasa. Ka ɗaga akurki a kan duwatsu ko dirkoki, ka toshe ramuka saboda gafiya da maciji, da guza in kana kusa da kogi. Ka zuba toka a gurbi saboda ƙuma. Ka ajiye wa mai kwanci ruwa da hatsi kusa, don kada ta daɗe a waje ƙwai ya huce.

In sun fito, kada ka taimaki tsako fasa ɓawo da gaggawa, sau da yawa jini a ke jawo masa. Ka kife su da uwarsu cikin babban kwando mako uku ko huɗu, saboda shirwa. Ka ba su tsakin gero da dusa, da gara, da garin busasshen kifi, abin da ba ya wuya a garin da ke da kasuwar kifi kamar namu. Ruwansu a faifayen kasko marar zurfi, ka jefa 'yan tsakuwa ciki don kada su nutse.

Da shigowar hunturu annobar nan ta kan zo, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil: kaza ta yi zugum, ta saki fukafukai, ta yi koren zawo, wuyanta ya karkace, cikin mako guda gari ya zama ba zakara mai cara. Ba ta da magani in ta kama, sai riga-kafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, tana yin maganin riga-kafin, har da irin wanda a ke ɗiga wa kaza a ido. Ka je wurin malamin dabbobi tun kafin iska ta juya, ka kuma tambaye shi ranar da za a maimaita. Kazar da ka sayo daga kasuwa kuwa ka tsare ta ita kaɗai mako biyu kafin ta gamu da naka.

Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da ka sa ƙwai, da sunan uwa da uba, da yawan waɗanda suka fito. Ka ɗaura wa kowace sagara zare mai launi dabam a ƙafa. Ran da ta fara saka, ka rubuta launin ƙwan a gaban sunanta, domin da wannan lissafi za ka san zakaran da za ka bari, da wanda za a yanka wa baƙo.