Yadda Ake Zaɓar Tof Silinda, Kamshaf da Kafireta Don Tsohuwar Fijo 504

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kasuwar Achida ranar Laraba ya san aikin da tsohuwar a-kori-kura take yi. Ta ɗauko buhunan albasa da tafarnuwa daga fadamun Wurno, ta kwaso tumaki daga ƙauyukan Rabah, da yamma kuma ta kama hanyar Goronyo ko ta Sakkwato bayanta na neman taɓa ƙasa. A cikin masu wannan wahala har yau ba a rasa Fijo 504, motar da Faransa ta fitar a 1968, wadda kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya yi kusan shekara talatin yana harhaɗawa. Idan injinta ya gaji, abin da akasarin masu ita suke fara cewa shi ne a sa mata babbar kafireta. A ganina nan kuskuren yake farawa. Kafireta ce ya kamata ta zo ƙarshe.

Mataki na farko: san injinka da aikinsa

Injinan fetur na wannan gida iri uku ne aka fi gani: XC mai cc 1618 da aka gada daga 404, XM7 mai cc 1796, da XN1 mai cc 1971 wanda ya shiga har cikin 505. Sun yi kama a ido, amma faɗin silinda ya bambanta: milimita 84 a ƙananan biyun, 88 a babban. Ka duba lambar da aka buga a jikin bulok kafin ka ɗaga ƙafa zuwa kasuwa, domin inji nawa ne aka yi wa musaya ba tare da mai motar yanzu ya sani ba.

Sannan ka tambayi kanka gaskiya: gudu kake so ko jan kaya? An san 504 ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, amma motar da za ta taso da lodin albasa daga cikin yashin fadama ƙarfin tashi take bukata, ba gudun tsere ba.

Mataki na biyu: tof silinda

Nan ne kuɗinka zai tsira ko ya salwanta, don haka ka zauna ka nutsu. Tof ɗin 504 na alminiyam ne, kuma zafin Afrilu a ƙasar Sakkwato, da yakan haura digiri 40, ba ya raga wa alminiyam. Inji ya tafasa sau ɗaya, sai fuskar tof ta lanƙwashe.

Ko a Buzaye ka samo shi a cikin Sakkwato, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, kada ka biya sai an wanke shi tas. Ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa, a tsaye, a kwance da kuma karkace, kana zura siririn ma'aunin bawul a ƙarƙashi. Idan giɓin ya wuce milimita 0.05, sai an kai shi an goge. Amma fa ka lura ko an sha goge shi a baya. Kowace guga tana rage ɗakin da wuta ke kamawa, matsi ya ƙaru, inji ya fara ƙarar nan ta ƙyal-ƙyal idan ya hau tudu da kaya. Mai tof ɗin da ya sha guga da fetur ɗin bumburutu, shi da fistin ɗinsa sai addu'a.

Daga nan ka kife shi, fulogai da bawuloli suna ciki, ka cika ramukan huɗu da kananzir, ka je ka sha shayi. Ramin da ka dawo ka tarar ya ragu, bawulinsa ba ya zama daidai. Ka duba tsaga tsakanin mazaunan bawul biyu da gefen ramin fulogi, ka kuma leƙa hanyoyin ruwa: ruwan rijiya da ake ɗurawa a lagireto shekara da shekaru yakan cinye bakinsu har gasket ya rasa inda zai kama.

Wani abu da yaran gareji kan manta: silib ɗin 504 ba a manne yake da bulok ba, a cikin ruwa yake zaune. Idan an cire tof, a danne silib ɗin da ƙusa da washa kafin wani ya juya inji. In ba haka ba ya motsa, gobe ka ga ruwa a cikin baƙin mai kana zargin gasket.

Mataki na uku: kamshaf

Shi ne yake yanke lokacin da bawul zai buɗe da tsawon zamansa a buɗe. Kamshaf ɗin tsere yana barin bawul a buɗe da daɗewa, inji ya yi ƙarfi a sama, amma ya rasa shi a ƙasa, silo ya lalace, iskar da ke taimakon birki ta ragu. Ga motar kaya, na asali da ya dace da girman injinka ya fi. Ka shafa kowane tozo da farce. Idan ka ji kaushi, rami ko ka ga wani ya fi ɗan'uwansa gajarta, ajiye shi. Sabon kamshaf sai da sababbin tafet, idan kuwa tsohon za a mayar, kowane tafet ya koma raminsa. A duba sarƙar tayimin da abin ɗame ta tunda an riga an buɗe wurin.

Saitin bawul ana yin sa inji na sanyi: milimita 0.10 ga na shiga, 0.25 ga na fita.

Mataki na huɗu: kafireta

Yanzu ta zo. Injin cc 1971 da ke juyi 3,000 a minti ba zai iya zuƙar iskar da ta kai lita 3,000 a minti ba, komai girman bakin da ka buɗe masa. Idan maƙogwaron kafireta ya yi faɗi da yawa, iska takan bi shi a hankali, ba ta tsotso mai da kyau, sai ka taka totur motar ta yi shiru kamar mai tunani kafin ta amsa. Shi ya sa Weber mai baki biyu ta motocin tsere ba ta da wurin zama a hanyar Achida.

Ƙaramin inji Solex 34 mai baki ɗaya ta ishe shi, ga sauƙin gyara. XN1 kuwa Solex 32/35 ce tasa: ƙaramin bakin yana aiki kullum, babban ba ya buɗewa sai ka taka sosai. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan tsari ya zama abin a yaba. Ka tabbata mazauninta ya dace da tof ɗin da ka saya, ba sai an yi ciko da kwali ba.

Idan 'yar Beljiyam ce, ka kama sandar totur ka girgiza. Tana wasa, iska za ta riƙa satar hanya, babu bakaniken da zai iya daidaita mata silo. Ka duba fulot ko ya sha mai, kuma kada ka yarda a zura wa jet waya. Iska ake hura masa. Wanda ya faɗaɗa jet da allura ya saya maka baƙin hayaƙi ne kawai.

Mataki na biyar: gwaji

A fara daidaita tayimin wuta, sannan a taɓa kafireta. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, kuma Faransawa daga wajen giya suke ƙirga silinda ta ɗaya, ba daga lagireto ba. Ka yi lodi irin na ranar kasuwa, ka je Goronyo ka dawo, ka kwance fulogai. Ruwan ƙasa-ƙasa, an dace. Baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma bawul ɗin fita na dab da ƙonewa.

Kafin ka bar gareji, ka sa hannu ka taɓa iya-kilina da kanka, ka ga an ɗaure ta babu kafa. Ƙurar hunturu guda ta isa ta cinye ringin da ka saya.