Kafin Ku Hau Jirgi: Sharuɗɗa Ga Matasa Masu Zuwa Aikin Sa-kai a Ƙasar Waje

Tun watan Disamba na 2010, da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin matasa masu aikin sa-kai a Abuja, ake ɗaukar masu shekara 18 zuwa 35, a horar da su, a tura su wata ƙasar Afirka da ba tasu ba su yi wata 12. Ƙannena maza da mata, in sunanku ya fito, ku saurara, don ba rarrashi zan yi ba.

Kada ku ba kowa ko sisi. Tarayyar Afirka ba ta sayar da gurbi, haka ma shirin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk wanda ya ce ku tura kuɗin fom, ɗan damfara ne.

Kada ku ajiye aiki ko ku sayar da kadara don an kira ku horo. Horo daban, turawa daban. Bayan an gama, sai wata ma'aikata ta duba takardunku ta ce tana so, kuma jiran yakan yi tsawo. Sai takardar turawa ta shigo hannu sannan a yi sallama da dangi.

Ku ɗauki horon da gaske. Ku zo a kan lokaci, ku kashe waya. Masu horarwa sun riga sun ga digirinku. Halinku suke dubawa.

Ku gyara takardu da wuri. Fasfon da ya kusa ƙarewa a sabunta shi. Allurar rigakafin zazzaɓin shawara kuwa, katinta ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Kada ku sayi katin jabu. Sauro ba ya karanta takarda.

Ku faɗa wa iyaye gaskiya game da kuɗi. Alawus ne na ci da sha da haya, ba albashi ba. Wannan wajen ne ya fi damuna, domin da zarar an ji yaro zai fita waje, gida ya fara lissafin rufin kwano da kujerar Makka. Yaron da ya tafi da wannan nauyi a ka shi ne ke ƙarewa da cin bashi a baƙon gari, ko ya bar aikin da aka tura shi yana neman na bayan fage. Ku karanta yarjejeniya layi-layi, ku zaunar da Baba da Inna ku yi musu bayani tun kafin tafiya.

Kada ku karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da na maƙwabci ne. Abin da aka samu a jakarku naku ne a gaban shari'a.

Ku san ƙasar kafin ku taka ta. A ce Addis Ababa aka tura ku, inda hedikwatar Tarayyar take. Garin na bisa tudu sama da mita 2,300, dare akwai sanyi, hawa bene ma sai da haki a makon farko. Shekarar mutanen can wata 13 ce. Agogonsu daga wayewar gari yake fara ƙirga, saboda haka in aka ce ku zo ƙarfe 2, mai yiwuwa ƙarfe 8 na safe ake nufi. Mahautan Musulmi daban, na Kirista daban. Matambayi ba ya ɓata: ku yi tambaya. Ɗan Najeriya ya fara koyon Faransanci yau, ɗan Nijar ya dage da Turanci, kowa kuma ya iya gaisuwa da harshen garin da ya sauka.

Kada ku riƙa cewa "a ƙasarmu ba haka ake yi ba." Kun tarar da mutane a bakin aikinsu, za ku kuma bar su a kai. Ku girmama direba da masinja kamar yadda kuke girmama shugaban ofis.

Kada ku sa baki a siyasar masu masauki, ko a hira ko a Facebook. Kada ku ɗauki hoton soja ko ginin gwamnati, kada ku yaɗa hoton yaro ko mara lafiya don a yaba muku.

Kada ku nemi wani abu a wurin wanda kuke taimako, balle jikinsa. Wannan laifin kora ne, ba ya da uzuri. Ke kuma ƙanwata, in wani babba ya matsa miki, ki rubuta rana da wurin da abin ya faru, ki kai ƙara. Kada ki yi shiru don kunya.

Ku dawo idan wa'adi ya cika. Tun 1987 Najeriya ke tura likitoci da malamai zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik su yi shekara 2, kuma kowane ayari sunan na gabansa yake ci. Wanda ya sulale ya ɓata a can, ƙofa ya rufe wa ƙannensa. In niyyarku gudun gida ce, ku janye tun yanzu, ku bar gurbin ga mai son aikin.